Ruwan wasa a tsohon dandali: yadda ake gina shi, da abin da ke kashe shi

Duk wanda ya yawata garuruwan Arewa ya san maɓulɓular ruwan da ake ginawa a tsakiyar shataletale: kwanon kankare, shuɗin tayil, shingen ƙarfe. Ranar buɗewa ruwa na tashi har sama, bayan wata shida ba abin da ya rage sai ledar fiya-wata da ɗan koren ruwa da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki. Waccan ta kallo ce daga nesa. Akwai wata iri dabam da ta yaɗu a tsofaffin biranen duniya, wadda ba ta da shinge, ba ta da kwano. Mutum yana shiga ya taka, ya danna, ya juya wani hannu, ruwan ya amsa masa. Masu zane da magina ne ke tsara ta a matsayin aikin fasaha, amma da zarar an kunna ta, yara ne masu ita.

Wadda ta fi suna ita ce ta Bordo a Faransa, da aka buɗe a 2006 daura da wani dandali na ƙarni na 18. Daɓen dutse ne mai faɗin murabba'in mita 3,450, ruwa ya fito ya rufe shi da kaurin santimita 2 kacal, tsofaffin gine-ginen su bayyana a ciki kamar a madubi. Bayan kimanin minti 15 ruwan ya janye, hazo ya taso daga ƙasa ya lulluɓe mutane. A Biradfod ta Ingila an yi makamanciyarta a 2012 a gaban tsohon zauren birnin, da bakunan feshi fiye da 100. A Chicago ta Amurka, Jaume Plensa ya gina hasumiya biyu na gilashi masu tsayin mita 15 a 2004, fuskokin mazauna birnin na bayyana a jikinsu, ruwa na tsartowa daga bakinsu. Shi kuwa Jeppe Hein ɗan Denmak ɗakuna yake yi da bangon ruwa: ka shiga, bango ya taso ya rufe ka, sai ka jira ya sauka ko ka yarda ka jiƙe.

Abin da hotunan ba sa nunawa shi ne, a ƙarƙashin madubin Bordo akwai ma'ajiyar ruwa mai cin lita 800,000 da ɗakin injuna. Haka dukansu suke. Ruwan da mutane ke taɓawa da jikinsu daga wani ƙaramin gidan ruwa da aka ɓoye a ƙasa yake fitowa, kuma wanda zai kawo irinsa Bauchi, daga nan ya kamata ya fara lissafi.

Filin ba fanko ba ne

Garin Bauchi da Yakubu ya kafa a 1809 ya zo da tsarinsa: ganuwa da ƙofofinta, su Wunti da Ran da Wambai da Nassarawa da Jahun, sannan fada da masallacin Juma'a da filin da ke gabansu. Filin nan yana da ayyukan da suka riga kowane mai zane zuwa. Ranar Juma'a sahu na fitowa har waje. Da Sallah dawaki ne ke sukuwa a kai. Don haka sharaɗi na farko shi ne, idan an kashe ruwan, wurin ya koma fili kamar ba a yi komai ba: ba tudu, ba rami, ba gefen kwano da zai sa doki tuntuɓe ko ya raba sahu. Shi ya sa daɓe mai shanyewa, wanda bakunan feshinsa ke daidai da ƙasa, ya fi dacewa da tsohon gari. Ko shi ɗin ma, a ganina bai kamata ya hau hanyar hawa ba. A gefe ya dace, inda inuwa take, inda masu shan iska ke zama da la'asar.

Sharaɗi na biyu shi ne nisa da ginin ƙasa, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Bangon tubali ba ruwan sama ne babban maƙiyinsa ba, domin magina sun san maganin wannan da indararo da yaɓe da makuba. Danshin da ke hawowa daga ƙasa shi ne mugun. Ƙasar gindin bango ta jiƙe, danshin ya hau cikin bangon ɗauke da gishirin ƙasa, rana ta busar da shi, gishirin ya daskare ya tura yaɓen waje. Kullum kaɗan-kaɗan, har gindin ya zaizaye ya bar nauyin bango a kan siririn wuya. Idan an taɓa shafa wa bangon siminti, abin ya fi muni, saboda danshin ba ya samun hanyar fita sai ya ƙara hawa sama. Bututu ɗaya da ke ɗiga a ƙarƙashin ƙasa zai yi wa tsohon soro a shekara biyu abin da damina 50 ba ta yi masa ba. Gini irin na shahararren magini Babban Gwani da ke Kafin Madaki, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, ba a kusantarsa da irin wannan aiki sam. Ko mutanen Bordo ba su sa madubinsu a cikin tsohon dandalin ba, sai da suka tsallaka titi zuwa bakin kogi.

Tsakanin bakin feshi na ƙarshe da kowane bangon ƙasa a bar mita 15 zuwa 20. A lura da iska: ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka ruwan ya zauna kudu maso yamma da ginin, feshin ya tafi can baya. A karkatar da daɓen ya juya wa ginin baya. Kafin a haƙa tanki kuma a yi ramin gwaji, a tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin a da. Tsofaffin garuruwanmu cike suke da kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu, daga baya aka cike da shara. Tankin da aka ɗora a kan irin wannan ciko zai nitse ta gefe ɗaya ya tsage. Akwai tsofaffin rijiyoyi, akwai kaburbura. Izinin masarauta da na hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, inda wurin yake ƙarƙashinta, a same shi tun zane na kan takarda.

Lissafin ɗan ƙaramin daɓe

Mu ɗauki daɓe mai mita 8 sau 8, da bakunan feshi 12, kowanne faɗin raminsa milimita 12.

Tsayin ruwa ya dogara ne da gudunsa a bakin fita. Don ya kai mita 1.5, sai ya fito da gudun kusan mita 5.4 a daƙiƙa. Ƙa'idar da ake bi a wuraren wasan yara ita ce kada gudun ya wuce mita 6 a daƙiƙa, domin yaro zai sunkuya ya leƙa ramin, ruwan kuma ya same shi a ido. Wannan gudun ba ya kai ruwa sama da mita 1.8. Duk wanda ya yi alkawarin ruwa mai tashi mita 5 kuma yara na wasa a ciki, bai san aikin ba.

A wannan gudu kowane baki na fitar da lita 37 a minti, sha biyun su ba da lita 440. Da a ce ruwan famfo ne ke fita ya wuce lambatu, awa 4 kaɗai za su cinye fiye da lita 100,000. A garin da ruwan madatsar Gubi bai kai kowane gida ba, inda 'yan ga-ruwa ke tura kura unguwa-unguwa, wannan ba abin da za a kare ba ne a gaban kowa. Dole ruwan ya riƙa juyawa: ya fita, ya gangara magudana, ya koma tanki, a tace, ya sake fita.

Tankin lita 8,000 ya isa wannan girman. Injuna biyu ake sawa, kuma kada a yarda a haɗe su don rage kuɗi. Na farko na turo ruwa zuwa bakunan feshi, mai ƙarfin kilowat 1.1 ya wadatar. Na biyu aikinsa jan ruwan tanki ya bi ta matata ya dawo, ko ana wasa ko ba a yi. Ana so duk ruwan tankin ya ratsa matata cikin minti 30, wato lita 16,000 a awa. Matatar yashi mai faɗin santimita 90 za ta ɗauki wannan ba tare da an matsa mata ba, da yashin tacewa mai ƙwayar milimita 0.4 zuwa 0.8. Yashin gini ba ya yi: ƙananan ƙwayoyinsa na bin ruwa su toshe bakunan feshi, manyan kuma su bar datti ya wuce. Kafin ruwa ya shiga tanki a sa kwandon raga da hannu zai iya cirowa, shi zai tare leda da ganyen darbejiya da takalmin yaro.

Duk da juyawar, ana asara. Idan aka ɗauki milimita 8 a rana a matsayin abin da rana da iska ke sha a bazara, daɓen mai murabba'in mita 64 ya rasa lita 500. Ƙara abin da iska ke kwashewa da wanda ke tafiya a jikin riguna da wanda ake zubarwa wajen wanke matata, a lissafa lita 1,000 kullum, jarka 40 ke nan masu lita 25. Mai tunanin tara ruwan sama ya yi lissafin har ƙarshe. Bauchi na samun kusan milimita 1,000 a shekara, rufin kwano mai murabba'in mita 200 zai iya ba da lita 160,000, amma duk cikin damina, lokacin da ba a bukatarsa. Tankin da zai riƙe wannan har Maris ya fi aikin kansa tsada. Rijiyar burtsatse ta kusa ita ce mafita, a kuma gwada ruwanta: idan yana da gartsin farar ƙasa, zai bar farin ɓamɓaroki a bakunan feshi, sai an riƙa jiƙa su a ruwan tsami lokaci-lokaci.

Wuta kuma, a ɗauka babu ta layi. Injin tacewa awa 8, na feshi awa 4, da fitilar kashe ƙwayoyin cuta, sun kai yunit 11 a rana. Faifan sola 7 ko 8 masu wat 550 za su riƙe, idan ana goge musu ƙura. Matsalar ita ce jama'a na zuwa ne daga la'asar zuwa isha'i, lokacin da rana ta yi sanyi, don haka batir ba zaɓi ba ne. Duk fitilar da ke cikin daɓe ta zama mai bolt 12 ko 24, kowane layi ya bi ta makatsar da ke yanke wuta idan ta zurare da miliamfiya 30, a kuma haɗa duk ƙarfen da ke wurin da sandar ƙasa. Yaro mai jiƙaƙƙen jiki da ƙafa ba takalmi ba ya jure abin da babba mai takalmi zai ji kamar cizon cinnaka.

Ɗakin injin a gina shi a sama, ko da siffar ɗan zaure ne da zai saje da unguwa. Na ƙarƙashin ƙasa ya fi kyan gani, amma ruwan Agusta ɗaya zai cika shi ya ƙona komai. Shi ma tankin, kada a kwashe shi tas a tsakiyar damina inda ruwan ƙasa ke kusa, domin fankon tanki na iya tasowa kamar jarka a kududdufi, ya fasa daɓen da bututunsa. A sa bawul a magudana da za a juya idan hadari ya taso, ruwan saman da ya wanko fili da kashin awaki ya wuce lambatu, kada ya shiga tanki. A Gombe, inda ƙasa ke da saurin zaizaya, a kula da inda wannan ruwan da na wankin matata ke ƙarewa, don ɗan bututun da ke zuba a gangare shi ne farkon kwari.

Daɓen da kansa

A Landan an buɗe maɓulɓular tunawa da Gimbiya Diana a Yulin 2004, ba a yi wata guda ba aka rufe ta, bayan mutane sun zame sun ji ciwo a kan dutsenta. Sai da aka sake sassaƙa fuskar dutsen ta yi kaushi. Ganyen bishiya ma ya toshe mata magudana ruwa ya malale. Idan wannan ya faru a aikin da manyan masana suka yi, to tayil ɗin banɗaki da ɗan kwangila zai kawo ba abin tattaunawa ba ne.

Bauchi ba ta rasa dutse ba, har akwai wanda masana duwatsu suka raɗa wa sunan garin, bauchite. A zaɓi mai haske, a ƙona fuskarsa da wuta ko a daddaka ta da guduma ta yi kaushi. Baƙin dutse ya fi fito da hoton gini a cikin ruwa, amma da azahar a watan Afrilu yana ƙona tafin ƙafa cikin daƙiƙoƙi, kuma yaro ƙarami idan ya ji zafi tsayawa yake yi ya yi kuka maimakon ya gudu. Gangaren daɓe ya zama santimita 1.5 a kowace mita. Ƙasa da haka ruwa na kwanciya gansakuka ta fito, sama da santimita 2 kuma tsofaffi na jin sa a gwiwa. Tsagar magudana kada ta wuce milimita 8, saboda yatsun ƙafa. Bakunan feshi na tagulla sun fi ƙarko, amma 'yan jari-bola sun san farashinsu. A ɗaure su da kusoshin da ba kowace sukundireba ke kwancewa ba, ko a sa na roba mai ƙarfi a ajiye guda 6 a sito.

Inda ake mutuwa

Wannan ɓangaren ne ba a son magana a kansa ranar buɗewa. Ruwan da ya wanke ƙafa da ɗuwawun yara 200 shi ne yake dawowa ya fesu a bakinsu da hancinsu. A 2005 a jihar New York, wani filin feshin ruwa ya sa dubban mutane gudawa ta dalilin ƙwayar kiriptosporidiyam, wadda ke iya rayuwa fiye da kwana 7 a ruwan da kulorinsa yake daidai. Bayan nan ne jihar ta wajabta fitilar hasken ultrabayolet, mai kashe ƙwayoyin cuta, a irin waɗannan wurare. A 2021 a garin Arlington na Texas, yaro ɗan shekara 3 ya rasu da wata ƙwaya mai shiga ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa, wadda ke son ruwa mai ɗumi da kulorinsa ya yi ƙasa. Bincike ya nuna akwai ranakun da ba a rubuta gwajin ruwan ba. Mu da zafinmu ke haura digiri 38 a bazara, ga amai da gudawa da ke zuwa da damina, ba mu da uzurin da za mu yi sakaci.

Kulorin ɗin da ya rage a ruwa ya tsaya tsakanin miligiram 2 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin tsamin ruwan (pH) kuma tsakanin 7.2 da 7.8. Idan ma'aunin ya haura 8, kulorin na nan amma ƙarfinsa ya tafi. Garin kulorin da ake sayarwa a bokiti yana da ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin 100, don haka giram 12 ke ɗaga kulorin tankin lita 8,000 da miligiram 1 a kowace lita. Kaɗan ne a ido, shi ya sa mai kula da ba a koya masa ba yake zuba gwangwani guda da safe, idon yara ya yi ja, da la'asar kuma rana ta cinye shi babu ko ɗigo. Ruwa siriri a kan dutse a tsakar rana yana zubar da kulorinsa da sauri fiye da kowane wurin ninkaya. Ƙaramin injin da ke ɗiga shi kaɗan-kaɗan shi ne daidai, da gwaji sau 3 a rana da ƙwayar gwaji mai sa ruwa ya yi ja-ja, a rubuta a littafi da lokaci da sa hannu. A haɗa wayar ta yadda idan injin tacewa ya tsaya, na feshi ma ya tsaya da kansa. Fitilar ultrabayolet a sauya ta duk shekara ko da tana ci, don haskenta na raguwa ido bai gani.

Idan yaro ya yi gudawa a daɓe, rufewa ake yi nan take. A kwashe, a wanke, a ɗaga kulorin zuwa miligiram 20 a kowace lita, wato kusan giram 250 a wannan tanki, ruwan na juyawa kusan awa 13, sannan a wanke matata, a jira ya sauko kafin a buɗe. Garin kulorin da ruwan asid ɗin gyara ma'auni kada su kwana ɗaki ɗaya, haɗuwarsu hayaƙi ne mai kisa. Kada kuma a ajiye shi kusa da fetur ko baƙin mai.

Hazo irin na Bordo zai yi daɗi ƙwarai a busasshiyar iskarmu, kuma ba ya cin ruwa sosai. Sai dai shi shaƙarsa ake yi har huhu, don haka daga sabon ruwa mai tsabta za a jawo masa layinsa, ba daga tanki ba, kuma kada ruwa ya kwana cikin bututunsa da ɗumi. Sauro kuwa kwana 7 zuwa 10 yake bukata daga ƙwai zuwa mai cizo. Tanki a rufe, bututun shan iskarsa da raga, ba kuma kwanon da zai riƙe ruwa idan inji ya lalace. A nan daɓe mai shanyewa ya fi kwanon shataletale nesa ba kusa ba: ranar da ya mutu, fili ne kawai.

Mutane za su yi abin da suka saba

Inda duk ruwa ya bayyana a fili a garinmu, wani zai sha, wani zai yi alwala, almajiri zai yi wanka da wanki, ɗan acaɓa zai kawo babur. Allon gargaɗi ba ya hana ko ɗaya. Abin da ke aiki shi ne a ba kowa nasa: famfo 3 ko 4 na sabon ruwa a gefe, da ɗan dakali na zama da magudanarsu dabam, don sha da alwala da cika buta. Banɗaki kusa, in ba haka ba daɓen ne zai zama banɗakin ƙanana. A sa turaku a bakin wurin da za su hana babur shiga, amma keken guragu ya wuce.

Fuska mai tofar da ruwa irin ta Chicago ba za ta karɓu a ƙofar masallaci ba, kuma ba ma bukatarta. Zanen da magina ke yi a fuskar zaure ya isa: a jera bakunan feshi su fitar da dagi, ko a ba kowace ƙofar ganuwa bakinta a daidai kusurwar da take, yaro ya taka maɓallin Wunti ruwa ya tashi ta can. Ana iya tsara tashin ruwan ya bi bugun tambari. Yawancin bakunan su tsaya iya gwiwa, saboda manya su ratsa ba tare da tufafi sun manne a jiki ba, uwa kuma ta iya shiga ta ɗauko ɗanta. Maɓallin takawa mai kunna ruwa na minti 2 yana rage cin wuta da asarar ruwa sosai, a kuma saita agogon ya kashe komai lokutan salla. Ƙaramin ma'aunin iska a kan rufin ɗakin inji, mai rage tsayin ruwa idan iska ta yi ƙarfi, shi ke hana feshin kaiwa ga masu kasa kaya.

Hanyar da ba ta da inji

Akwai wata hanyar da na fi ganin za ta daɗe a nan, ko da ba ta yi ƙyalli a hoto ba. A fadar Alhamra ta Andalus, farfajiyar zakuna 12 da aka gina a ƙarni na 14 da gangaren ƙasa kawai take aiki, ruwa na bin 'yan siraran hanyoyi a cikin daɓe. Manomin fadama ya san wannan ilimin: jigo, da hanyar ruwa, da fangali, da toshe nan a buɗe can.

A kafa famfon tuƙa-tuƙa da ke jan sabon ruwa daga rufaffen tanki. Irin na ƙauye na ba da lita 12 zuwa 15 a minti, a sa masa ƙaramar silinda ya koma 6 zuwa 8, hannunsa ya yi sauƙi ga ɗan shekara 6. Ruwan ya zuba a hanyar dutse mai faɗin santimita 15 da zurfin santimita 3, ta rarrabu, kowace mararraba da 'yar ƙofar ƙarfe da yaro zai ɗaga ko ya sauke. Wani na tuƙawa, wani na tarewa, wani na bin ganyen da ya saka. Ƙarshen kowace hanya gindin bishiya ne mai ramin tsakuwa. Idan an tuƙa awa 2 cikakku a rana, lita 900 ke nan, kusan daidai da abin da daɓen inji ke asara, amma wannan inuwa yake zama. Ba ruwan da ke dawowa, don haka ba matata, ba batir, kuma duk mai gyaran famfo a Bauchi ko Gombe ya san cikinsa.

Ita ma tana da nata. Gindin bishiya dole ya shanye abin da aka ba shi kafin gari ya waye, in ba haka ba an koma gidan sauro, don haka a gwada: a haƙa rami, a cika shi, a ga awa nawa yake ɗauka. Mahaɗar hannun famfo na datse yatsa, a rufe ta. Jigo na da kyau a ido kuma namu ne, amma nauyin da ke bayansa zai iya fasa kan yaro, sai an killace wannan ɓangaren an kuma taƙaita lilonsa, kuma daga ɗan kwano mara zurfi zai ɗiba, ba rijiya ba. Hanyoyin ruwan na cika da yashi a hunturu, tsintsiya ce maganinsu kowace safiya.

Ko wacce aka zaɓa, kafin a karɓi aiki daga hannun ɗan kwangila a kunna shi kwana 14 a jere a gaban wanda zai riƙa kula da shi, mutum ɗaya sananne mai albashi, da kuɗin kulorin da kayan gyara na shekara 3 a ajiye. A cika tanki da yamma, a yi alama, a rufe komai, da safe a duba: idan ya sauka fiye da santimita 1, akwai yoyo. A kashe ruwa da rana a duba agogo, bayan minti 10 kada a ga inda ya kwanta. A karɓi zanen da ke nuna inda kowane bututu ya bi, kwafi ɗaya a manna a bangon ɗakin inji cikin leda, ɗaya a kai fada.